Mai Askin Waɗanda Aka Sako

Katanga ɗaya ce tsakanin shagon ɗinkina da shagon askinsa, katangar kuma ba ta kai rufi ba. Duk gashin da ya aske, rabi nasa ne rabi nawa. Sai in shimfiɗa farin yadi zan yanka, in juya in ɗauko almakashi, kafin in waiwayo ya yi ɗigo-ɗigo da gashin ƙartin da ban ma san su ba. Na taɓa tsamo gashin gemu daga cikin shayina. Na yi tsaki, na yi habaici, har ƙara na kai wurin mai gidan, amma tsohon nan ko a jikinsa. Iyakarta ya leƙo ya ce in yi haƙuri, ya koma ya ci gaba da kakkaɓe tsummansa daidai saitin ƙofata.

Baba Sunkuya ake kiransa, don kusan kalmar da ke fita daga bakinsa ke nan daga safe zuwa yamma. Ban taɓa ganin mai aski marar hira irinsa ba. Gajere ne, mai yawan tari, yatsu biyu na hannunsa na hagu a karkace. Matarsa ta rasu tun ina makaranta, 'yarsa tilo tana aure can nesa, shi kuma a ƙuryar shagon yake kwana, bayan wani labule da ya manta launinsa na asali. Bara ya rasu. A wurin jana'izarsa an yi jawabai masu zaƙi har na rasa ko wane ne ake nufi, shi ya sa na ga gara in faɗi wanda na sani.

Mu masu bin Almasihu ba mu da yawa a garin. Tun da hukuma ta garƙame majami'armu ta ce sai mun kawo takardar izini, takardar kuma ta ƙi fitowa, sai muka koma taruwa a ɓoye, yau gidan wannan, gobe shagon wancan. Ƙuryar Baba Sunkuya ta fi ko'ina rufin asiri ga maza, domin ba wanda zai tambayi dalilin shigar namiji shagon aski. Fastonmu an daɗe da korarsa daga garin. Ragamar ta koma hannun wani mai sayar da tayil da muke kira Dattijo, mutum mai tumbi da ƙamshin turare, wanda aka taɓa tsarewa shekarun baya. Labarin tsarewar tasa kuwa kullum ƙara tsawo yake yi, dukan yana ƙara yawa.

Lokaci-lokaci akan kama wani daga cikinmu, a riƙe shi, in sun gaji a sako shi. Muna da yadda muke yi. Lahadin farko bayan an sako mutum, Dattijo zai tsayar da shi a gaba ya ce ya faɗa wa 'yan'uwa yadda ya tsaya. Kowa kuma abu ɗaya yake faɗa: sun doke ni, sun hana ni barci, ban buɗe baki ba. A yi tafi, mata su yi kuka. Daga nan a ce ya ɗaga riga a ga tabo, a ɗauki hoto da waya don a tura wa 'yan'uwa na ƙasashen waje. Ni dai wannan ɗaga rigar tun can ba na son sa. Magidanci da 'ya'yansa, ana jujjuya shi kamar ragon da ake tayawa a kasuwa.

Baba Sunkuya bai taɓa tsayawa ya ba da irin wannan shaida ba, ko da yake kowa ya san an tsare shi yana saurayi. Saboda haka ake cewa bangaskiyarsa da sanyi. Abin da yake yi daban ne. Duk wanda aka sako yakan dawo da suma cunkus da kwarkwata, to kafin kowa ya shirya zuwa gaisuwa, tsohon ya rataya tsohuwar jakarsa ya tafi gidan. Ya zaunar da mutum a bayan ɗaki, ya aske shi tas, ya wanke masa kai, ya ƙona gashin, ya tafi. Ba wanda ya ɗora masa aikin, ba kuma wanda ya taɓa tunanin gode masa a gaban jama'a.

Yayana mai walda ne, ƙato, kuma shi ke ba da waƙa a taronmu. In ya buɗe murya sai an tuna masa cewa a ɓoye muke. Da rana tsaka jami'an hukuma suka zo suka ɗauke shi daga wurin aikinsa, ko gilashin fuska bai cire ba. Ba a jima ba suka dira a shagon Baba Sunkuya. Ina kan keken ɗinki na ji birkin motarsu. Ba su yi wani lalube ba, kai tsaye suka nufi labulen, kamar an zana musu hanya. Suka fasa madubi, suka karya kujerar aski, suka kwashe injinan, wani yaro da bai kai jikansa ba ya kwaɗa masa mari har haƙori ya fita. Suna tafiya maƙwabta suka shiga tsince-tsince. Da idona na ga mai shagon waya ya fita da bencin jira a kansa, mutumin da tsohon ya yi shekaru yana yi wa gyaran fuska.

Na ɗauka namu za su fi. Ina! Dattijo ya aika gida-gida cewa a ɗan ja baya da Baba tukuna, domin ana sa masa ido. Wato a bar tsoho da kumburarren baki a kan titi don hikima. An liƙe ƙofar shagonsa, ba wurin kwana. Ni da nake faɗa da gashinsa, ni na ƙare da miƙa masa makullin shagona yana kwana tsakanin kekuna, da safe ya kafa 'yar kujera a barandata da reza da almakashi. Gashin da a da rabi ne nawa, yanzu ya zama nawa gaba ɗaya.

Bayan watanni aka sako Yaya. Wani mai tasi ne ya tsince shi a bakin hanya ya kawo shi, ya ƙi karɓar komai, amma ya tafi da tagogi a buɗe. Ban ga laifinsa ba. Warin da ya shigo gidan tare da Yaya ban san sunansa ba, zarni ne da ruɓa da gumin da ya kwana ya tashi a jiki ɗaya. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Sumarsa ta dunƙule, in ka matsa kusa kana ganin tana motsi. Tambayar farko da ya yi bayan ya zauna ita ce ina Baba Sunkuya. Matarsa, baiwar Allah, ba ta san komai ba, ta zayyane masa duka, har da haƙorin.

Daga nan Yaya ya daina cin abinci. Ba wai ya rage ba, ya daina. A kai masa kwano ya ture, a matsa masa ya juya fuska bango. Ruwa kawai yake kurɓa. Wata ma'aikaciyar jinya daga cikinmu ta duba shi ta ce ba ciwon da zai hana shi haɗiya, kuma jikin da ya dawo da shi ba shi da sauran abin da zai ƙona, in ya ci gaba a haka ba za a daɗe ba. Ya hana a taɓa shi, ya hana a yi masa wanka. Mutumin da ya tsira daga hannunsu ya zo zai mutu a kan tabarmar gidansa muna kallo.

Masu gaisuwa kuwa suka yi ta zuwa. Su tsaya daga bakin ƙofa, su rera waƙa rabin murya, su ce masa jarumi. Wata ta durƙusa tana kuka tana cewa albarka ce a haɗa ido da shi, amma na lura da yadda ta tattare zanenta kada ya taɓa tabarmar. Dattijo ya zo da hankici mai turare a hanci, wai mura yake yi. Ya ƙare wa Yaya kallo, ya gyaɗa kai irin na wanda ya samu kaya masu kyau, sannan ya ja mu gefe ni da matar Yaya. Wai kada a taɓa sumar nan sai bayan Lahadi. Wai 'yan'uwa su gan shi yadda ya fito, hoton zai fi taɓa zuciya. Na dube shi, yawu ya taru mini a baki. Don dai girmansa ne da kuma gidan yayana, da na san inda zan zubar da shi.

Washegari da safe na kai wa Yaya ruwa, matarsa ta raka yara makaranta. Bai juyo ba ya kira ni.

"Auta, ni ne. Ni na faɗa musu shagon. Har labulen ni na kwatanta musu."

Ba zan ɓoye ba, abin da ya fara taso mini ƙyama ce. Na tuna jinin da ke zuba a gemun tsohon, na dubi ƙeyar yayana, na ji kamar ban san shi ba. Sai na ga kafaɗunsa suna rawa, waɗannan kafaɗun da nake hawa ina ƙarama, suka zama kamar maratayin riga. Ya ce duk lomar da ya ɗauka sai ya ji ba shi da hakkin tauna ta. Ya ce kowa ya shiga ya fito da bakinsa a rufe, har Dattijo, shi kaɗai ne ya zama banza. Ya roƙe ni abu ɗaya, kada in bar tsohon ya shigo.

Ko rufe baki bai gama yi ba na ji tarin nan a ƙofar gida. Na fita da sauri na tare hanya. Ga shi da jakarsa, leɓensa har yanzu bai koma daidai ba. Na ce masa Dattijo ya ce a dakata da askin sai bayan Lahadi.

"Kan Dattijo ne?" in ji shi.

Na ce a'a. Ya ce to in ɗora ruwa a wuta in zuba gishiri kaɗan. Ya raɓa ni ya wuce.

Ban san yadda ya fito da Yaya ba, na dai dawo da ruwan na same su a bayan ɗaki, Yaya a kan kujera, an shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙasa. Da almakashi ya fara, domin reza ba za ta shiga ba. Sumar tana faɗowa guntu-guntu kamar ƙazamin buhu, kwarkwata tana watsewa a kan jaridar. A ƙarƙashi akwai miki da ya yi ruwa, gashi ya manne a ciki, sai ya jiƙa ya jira ya ɗaga a hankali. Matar Yaya ta dawo a daidai lokacin, ta leƙa sau ɗaya ta ruga bayan gida tana kakari. Ni na riƙe kwanon ruwan, da baki nake numfashi, ina kallon gefe. Shi kuwa fuskarsa dab da kan, yana bin bayan kunne da yatsa, in ya kamo ɗaya ya murƙushe ta da farce ya ci gaba.

Can Yaya ya fashe. Ya faɗa masa abin da ya faɗa mini, har da ƙari. Hannun tsohon bai tsaya ba.

"Na sani," ya ce. "Su da kansu suka gaya mini tun kafin su fasa madubin. Har muryarka wani ya kwaikwaya, bai iya ba."

"To, Baba, me ya kawo ka?"

"Kwarkwata. Daina motsi, ɗana, reza ce a hannuna."

Sai da ya gama gefe ɗaya sannan ya yi magana mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinsa. Ya ce tun Yaya bai fara gemu ba yake aske waɗanda aka sako. Bai taɓa tambayar ko ɗaya abin da ya faru a ciki ba, amma bai tuna wanda ya tashi daga kujerarsa bai faɗa ba. Wani suna ya ba da, wani gida ya nuna, wani ya rantse musu bai san mu ba. Ya miƙo hannunsa na hagu gaban fuskar Yaya.

"Biyu suka karya. Da suka kama na uku na faɗi duk sunan da na sani, na ƙara da waɗanda ban sani ba."

Yaya ya ɗago yana son tambayar su wane ne sauran da suka buɗe baki. Tsohon ya mayar masa da kai ƙasa da tafin hannu, ya ce abin da aka faɗa a kujerarsa tare da gashin yake ƙona shi. Ya ce Ubangijin da muke bi ya san nauyin sanda, an gwada a jikinsa, kuma ba jarumai ya zo nema ba. Iyakar wa'azinsa ke nan. Ya naɗe jaridar, ya cinna mata ashana a gindin katanga, ya tsaya har ta cinye.

Ranar Yaya ya yarda aka yi masa wanka. Abinci dai ya ƙi. Ya ce zai je taro ran Lahadi. Ni kuwa na wuni ina taka keke ina cin rai. Na tuna duk ranakun da aka tsayar da mutane ana tafa musu. Ashe kowanne yana fitowa da nasa nauyin, ya zo ya ji na gabansa ya ce bai buɗe baki ba, ya ɗauka shi kaɗai ne ya karye, shi ma ya tashi ya faɗi irin tasu don kada a gane. Da bakinmu muka gina abin da ke kashe yayana, muna kiransa ƙarfafa juna.

A sito ɗin Dattijo aka taru, tsakanin kwalayen tayil. Ni da matarsa muka riƙo Yaya. Da Dattijo ya ga kan a aske fes sai ya sha mur, amma ya daure, ai akwai sauran tabon da ke bayansa. Ya gabatar da shi da kirari, wani saurayi ya saita waya. Yaya ya dafa kwali ya miƙe. Bai ɗaga riga ba. Ya ce shi ne ya nuna shagon Baba, ya ce bai ma daɗe a hannunsu ba ya faɗa, ya ce ba shi da wata shaida sai wannan.

Sai wata ta ja tsaki. Matar nan da ta ce albarka ce a haɗa ido da shi ta janyo ɗanta jikinta. Saurayin ya sauke wayarsa. Na bi fuskokin mazan da suka taɓa tsayawa a wurin nan ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya samu abin kallo a takalminsa. Ba wanda ya tashi. Dattijo ya ɗauko waƙa don ya rufe maganar, mutum biyu suka amsa, ta mutu a hanya. Sai ya kira sauran dattawa suka shige bayan kwalaye. Ba su daɗe ba suka fito da hukunci: an sa ɗan'uwa a ƙarƙashin horo saboda ya ba da jama'ar Allah, ba zai ƙara ba da waƙa ba, zai koma bencin baya, ba zai ci Jibin Ubangiji ba, wato burodin da muke rabawa don tunawa da Almasihu, sai an ga tubansa. Dattijo ne ya karanto, gumi yana bin wuyansa, bai ko kalli ɓangaren da Baba Sunkuya yake ba. Na yunƙura zan yi magana, matar Yaya ta damƙe mini hannu har farcenta ya shige ni.

Bencin bayan wani katako ne da aka ɗora a kan gwangwanayen fenti, kusa da ƙofar bayan gida. Mutum ɗaya ne a kai, Baba Sunkuya, domin tun da aka ce ana sa masa ido ba mai son zama kusa da shi. Ya matsa ya ba Yaya wuri. Na bar kujerata na je na tsaya a bayansu, don in Yaya ya faɗi in tare.

Ranar kuwa ranar Jibi ce. Aka yi addu'a a kan burodin, mai rabawa ya bi layi-layi da faranti, kowa ya ɗauka da tsarkakakkiyar fuska. Da ya iso baya ya miƙa wa tsohon, ya karkatar da farantin yadda ba zai bi ta gaban Yaya ba. Baba ya ɗauki nasa. Bai kai baki ba. Ya gutsura shi biyu, ya kamo hannun Yaya, ya buɗe tafin, ya sa masa rabi.

Mai rabawa ya daskare, ya waiwaya yana neman umarni. Kowa ya juyo. Tsohon ya ɗaga kai ya dubi Dattijo, kallo kawai, irin na mai askin da ya san kowane tudu da kwari na kan mutum. Dattijo ya zaro hankicinsa ya shiga goge fuska, bai sake ɗagowa ba.

"Ci, ɗana," in ji Baba. "Burodin nan ba na dattawa ba ne. Mai shi ya san wanda ya gayyata."

Yaya ya daɗe yana kallon ɗan guntun da ke tafinsa. Sannan ya kai baki. Ya yi ta taunawa kamar wanda ya manta yadda ake yi, hawaye suna sauka a kan sabuwar rigar da na ɗinka masa. Ina tsaye a kansa, ban ɗauke ido daga wuyansa ba, har sai da na ga maƙogwaronsa ya motsa.